Filin Lakwal Ma Aji Ne

Jawabin da wani tsohon malamin firamare ya gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya, a garin Dakoro

 

An ce in yi magana kan darasin motsa jiki a lakwal, wanda muke kira EPS, da kuma ladabin wasa. Na san wasu sun yi murmushi da suka ga batun a takardar gayyata, don a ganinsu wasan yara bai kai a tara manya a kansa ba. Ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Bari in fara da abin da masu bincike suka gano. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kowace rana yana motsa jiki sosai, har numfashinsa ya ɗaga. A 2019 masu bincike na hukumar sun fitar da sakamakon nazarin ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, suka tarar kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan adadin. A wajen ƴan mata abin ya kai kashi 85. Ita kuwa UNESCO tun 1978 ta fitar da yarjejeniyar da ta ce motsa jiki da wasanni haƙƙi ne na kowa, ta sabunta ta a 2015. Binciken da ta sa aka yi kan makarantun duniya ya nuna abin da kowane mushe a nan ya sani: darasin yana cikin takarda, a fili kuwa yakan ɓace, kuma a firamare malamin aji ne ke ɗauke da shi tare da lissafi da Faransanci da saura.

Wani zai ce, ai yaranmu na Kornaka da Birnin Lalle da Sabon Mashi ba su rasa motsa jiki ba: ga ɗibar ruwa, ga kiwo, ga noma, ga tafiyar ƙasa zuwa lakwal. Gaskiya ne. Sai dai jan guga ba ya koya wa yaro jiran layinsa, ko miƙa wa ɗan'uwa balo, ko yarda da hukuncin alƙali ko da bai yi masa daɗi ba. Wannan sai a fili, da ƙa'ida, da babba mai lura.

Me muke yi da awar EPS? Ku da kuka zauna CI zuwa CM2 kun sani. In jarrabawa ta matso, a mayar da ita lissafi. In rana ta ƙwalle a Afrilu, a ce a zauna inuwa. In iska ta yi ɓarna, a mayar da ita shara. In an yi sa'a, mushe ya jefa wa maza balo ɗaya ya koma ƙarƙashin bedi, ƴan mata kuwa su jingina da zana suna kallo. Ban ɗora laifin duka a kan malamai ba, don ni ma na yi. Mutum ɗaya, aji maƙil, ba igiya, ba usur, me kuke so ya yi?

Yanzu ga abin da ya sa na amsa gayyatarku. Shekaru da dama da suka wuce ina riƙe da ƙungiyar tamaula ta wata makaranta, aka shirya gasa tsakanin makarantu, ta yara ƙanana. Ana gobe wasan ƙarshe wani abokin aiki ya ce mini: "Mushe, su waccan lakwal sun ɗauko ƙatti, in ba mu yi dabara ba kunya za mu sha." Munka nemo wani saurayi da ya daɗe da barin karatu, munka ba shi sunan wani ɗan ajina, munka sa masa riga. Mai sunan na gaskiya, yaron da bai taɓa fashin atisaye ba, ya zauna bakin fili yana ji ana kiran sunansa ana tafi. Mun ci biyu da ɗaya. Da anka watse ya zo ya tsaya gabana ya ce: "Mushe, ni ne na ci ko shi?" Wallahi ban samu amsa ba. Bai sake zuwa fili ba har ya gama. Kofin ya yi tsatsa tuntuni, tambayar kuwa tana nan tare da ni. A ranar na koya wa yara goma sha ɗaya cewa ƙarya halal ce in dai za a ci, kuma sun ɗauki darasin fiye da duk wanda na rubuta a allo.

Kar ku ɗauka abin yana tsayawa a ƙauye. A 2009, a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya, an kori ƙungiyar Nijar saboda batun shekaru, Malawi ta maye gurbinmu ta tafi gasar duniya a Najeriya. A wannan shekarar ce FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun ƴan wasa. Sai 2017 yaranmu suka taka gasar duniya a Indiya, har suka haye zagaye na biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ta inda aka tanƙwara nan yake bushewa.

Alhali muna da abin koyi a gida. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maradi ya lashe, abin da ke burge baƙi shi ne yadda wanda ya yi kaye yakan ɗaga wanda ya kayar, su rungumi juna gaban dubban mutane. Isaka Dabore ya kawo mana tagulla a dambe daga Munik a 1972. Abdul Razak Alfaga ya kawo azurfa daga Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Hamadu Jibo Isaka ya zo na ƙarshe a tseren kwale-kwale a Landan a 2012, amma jama'a suka miƙe suna masa tafi don bai ajiye filafili ba sai da ya kai. Ashe ana iya shan kaye a fita da mutunci.

To, ga roƙona, guda huɗu.

Na ɗaya, gasar babban hutu da kuke shiryawa: kowane ɗan wasa ya zo da takardar haihuwarsa, a duba gaban kowa. Ko ƙanen shugaba ne, in ya wuce shekaru ya zauna. Za a yi fushi da ku, wata unguwa ma ta janye. Ku daure.

Na biyu, duk wanda aka kama da tramol, ko yana caca kan wasan, ko ya zagi alƙali, ya bar fili. Ku rubuta wannan kafin a buga usur na farko, ba bayan rigima ta tashi ba.

Na uku, ku je wajen direktocin makarantun unguwanninku da kwamitin iyaye ku ce kuna son taimaka wa malamai a awar EPS. Ba sai da kuɗi ba. Langa ba ta bukatar ko dala. Tsere, tsallen igiya, kokowa a rairayi, duk namu ne.

Na huɗu, ƙannena mata: ku ne za ku buɗe wa ƴan mata hanya. In uwa ta san yayar unguwa ce ke tsaye kansu, a wuri killatacce, da sutura ta mutunci, za ta bar ɗiyarta ta yi gudu.

Wancan yaron yanzu magidanci ne. Na je na nemi gafararsa, ya yi dariya ya ce ya yafe. Ɗansa yana CE2 bana, kuma na ji yana son tsaron gida. In ya zo gasarku, ku bar shi ya buga da sunansa.