Ƙuri'arku da Jarrabawar 'Ya'yanku

Ya ku iyayena da 'yan'uwana mutanen karkara, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, saura kuma a kasa kunne.

Kafin in shiga aikin jam'iyya, ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta ƙauye. Saboda haka yau zancen jarrabawar shiga jami'a na kawo muku, wadda yara ke kira JAMB, watau da sunan hukumar da aka kafa a 1978 don shirya ta. Ita ce ƙofa. Galibi ta cikinta ɗanku zai bi kafin ya zama likita ko injiniya.

Ga yadda take. Yaro zai amsa fanni 4, Turanci kuwa tilas ne ga kowa. Mai son aikin likita sai ya haɗa da bayoloji da kemistiri da fizis. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne, maki duka 400, lokaci awa 2. Ku lissafa da kanku: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Tun 2015 kuma a kan kwamfuta ake yin ta. A 2024, cikin yara fiye da miliyan 1.8 da aka fitar da sakamakonsu, wajen miliyan 1.4 ba su kai maki 200 ba, watau uku cikin kowane huɗu.

Ashe 'ya'yanmu daƙiƙai ne? A'a, wallahi. Na koyar da wani yaro, in na tambaye shi da Hausa yadda shuka ke shan ruwa, sai ya zayyana mini kamar malamin gona. Amma in na ba shi tambayar nan a rubuce da Turanci, sai ya bi ta da yatsa, kalma-kalma, kafin ya kai ƙarshe ya manta farko. Sau da yawa akan ce "duka daidai ne banda ɗaya", shi kuwa bai lura da "banda" ba, sai ya zaɓi kuskure alhali ya san amsa. Kun gani, tun a firamare aka kayar da shi, ran da aka wuce da shi aji na gaba bai iya karatu ba.

Kimiyya ita ma haka. Yara da yawa sun haddace sunayen kayan gwaji, ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ni da ruwan zoɓo na koya wa ajina bambancin abu mai tsami da mai kanwa: a matsa lemon tsami ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa ya juye kore-kore. Har yau ba wanda ya manta. Gani ya kori ji.

To, iyaye, ga naku aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa yaro ya riƙa karanta muku wani abu da ƙarfi kowace yamma, ko na rabin awa, kana ya rufe littafin ya gaya muku da Hausa abin da ya fahimta. Ko ba ku yi boko ba, za ku gane in yana kame-kame. Mai shirin jarrabawa ya nemi tambayoyin shekarun baya, ya amsa su da agogo a gabansa, ya koma kan duk wadda ya faɗi har ya san dalili. Ku rage masa talla da aikin gona in lokaci ya matso, mace da namiji duk ɗaya.

Ga kuma namu alkawari in kun ba mu amana. Za mu sa a gwada karatun kowane yaro kafin ya bar aji uku, wanda bai iya ba a tsaya a kansa. Za mu kai littattafai da kayan gwaji sakandaren karkara, tare da malaman kimiyya masu samun albashi a kan kari. Za mu buɗe ɗakin koyon kwamfuta a kowace ƙaramar hukuma, don kada ɗan talaka ya fara taɓa ta ranar jarrabawa. Ku adana wannan takarda, in mun saɓa ku nuna mana ita.

Za a zo muku da atamfa da sabulu. Ku tambayi mai rabon, nasa 'ya'yan a wace makaranta suke? Ran zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, da katinku a hannu, ku dangwala wa jam'iyyarmu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu sa'a. Wassalam.