Jarin da Aka Cinye a Kulle: Tallafin Gwamnati ga Ƙananan Sana'o'i a Shekarar Korona



An nemi in yi magana a kan tallafin da gwamnati ta bai wa ƙananan sana'o'i a lokacin annobar korona. Zan tsaya a kan Najeriya a shekarar 2020, kuma daga Kano zan ɗauko yawancin misalaina. Abin da na zo in faɗa shi ne an ware kuɗi, ba kaɗan ba, amma babu hanyar da za ta kai su hannun mai ƙaramar sana'a, kuma kafin a lalubo hanyar, mutane da yawa sun riga sun cinye jarinsu.

Mu tuna yadda abin ya zo. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas. Ranar 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja. A Kano an samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, daren 16 ga wata gwamnatin jiha ta kafa dokar zaman gida, ranar 27 kuma shugaban ƙasa da kansa ya ƙara mata mako biyu. Ana cikin haka azumi ya kama. Ba a janye dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. Kada kuma mu manta cewa kasuwa ba da lafiyarta annobar ta same ta ba, domin tun Agustan 2019 iyakokin ƙasa suke rufe, a Fabrairun 2020 kuma harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari.

Idan aka ce ƙaramar sana'a, mai rubuta tsari a Abuja yakan hango shago mai allon suna da akawu da littafin albashi. Ina roƙonku mu sauko ƙasa da haka. Mu ɗauki matar da ke tuyar ƙosai a bakin layi. Jarinta kwanon wake ne biyu ko uku, da kwalbar man gyaɗa, da itace, da kuɗin niƙa. Da safe ta toya ta sayar, da hantsi ta ware kuɗin waken gobe, abin da ya yi saura shi ne cefanen gidan. Ranar da aka ce kowa ya zauna a gida, ɗan abin da ta ajiye ya riƙe ta kwana biyu ko uku. Daga nan sai ta waiwayi waken. Ta dafa wa 'ya'yanta shi, ta yi miya da man, ta hura itacen. Babu wanda zai ga laifinta. Amma ranar da aka buɗe gari, kaskonta yana nan, masu saye suna nan, abin sakawa a kaskon ne babu.

Haka tela. Duk wanda ya san sana'ar ya san azumi ne kakarsa, a nan yake haɗa kuɗin hayar shago da na makarantar yara. A 2020 Kantin Kwari yana rufe, mai yadi bai sayar ba, mai ɗinki bai karɓa ba, yaran shago masu sa maɓalli da yin guga suka koma gida hannu rabbana. Mai adaidaita sahu ma ya kife babur, ga mai babur yana jiran balas.

Ina so likitocin da ke cikinmu su yarda da ni a kan abu ɗaya: tallafin irin waɗannan mutane wani sashe ne na maganin annobar kanta. Wanda babu hatsi a gidansa ba zai zauna ba, ko da soja aka ajiye masa a ƙofa. Mun ga shaida lokacin da aka sassauta dokar a Kano ranakun Litinin da Alhamis. Jama'ar da aka ce su nisanci juna suka taru a kasuwa kafaɗa da kafaɗa, kowa yana son ya yi cinikin mako guda a wuni ɗaya.

Adalci ne a faɗi halin da gwamnati ta samu kanta. An gina kasafin 2020 a kan gangar mai dala 57, a Afrilu farashin ya faɗo ƙasa da dala 20, aka sake kasafin a kan dala 28. Tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni. Sai da aka karɓo rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Duk da haka Babban Bankin Najeriya bai yi jinkiri ba. Tun a Maris ya sanar da naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL na ƙananan basussuka, magidanci zai iya neman har naira miliyan 3, mai ƙaramin kamfani har miliyan 25, a kan ruwan kashi 5 cikin ɗari. Daga baya an yi ta ƙara kuɗin.

Matsalar wannan shiri tana cikin yadda aka tsara shi. Bashi ne, an miƙa wa mutumin da bai san ranar da zai sake buɗe shago ba. A intanet ake cikewa, sai da lambar BVN, alhali binciken da aka yi a shekarar ya nuna fiye da rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da banki ko wata cibiyar kuɗi. Ga kuma ruwa. Akwai 'yan kasuwar da ke cikin tsananin buƙata amma suka kau da kai saboda tsoron riba, kuma sai daga baya aka fito da tsarin da babu ruwa a cikinsa. Wannan ba abin da za a tuna daga baya ba ne a ƙasar da kusan rabin jama'arta Musulmi ne. Inda mutum bai iya cike fom ba, 'yan tsakani sukan ɓullo, su cike masa su yanki nasu. Su ne ma suka yaɗa cewa kuɗin korona rabon gwamnati ne, ba a biya. Shekaru bayan nan mutane suka fara ganin ana cire kuɗi daga asusunsu, domin tun Agustan 2020 akwai ƙa'idar da ta bai wa banki damar bin bashinsa a duk asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin.

Shiri na biyu ya fi kusa da abin da ake buƙata, domin kyauta ne. A Yunin 2020 majalisar zartarwa ta amince da tsarin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya shirya. A cikinsa akwai naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, wanda jama'a suka sani da Survival Fund, ƙarƙashin jagorancin Ƙaramar Ministar Masana'antu Mariam Katagum. An tsara biyan ma'aikata 500,000 naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku, da bai wa masu sana'ar hannu da direbobi 333,000 naira 30,000 sau ɗaya, da yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta a hukumar CAC. An ce kashi 45 cikin ɗari na mata ne. Malaman makarantu masu zaman kansu, waɗanda tun Maris aka rufe musu makarantu albashi ya tsaya, da su aka fara, kuma waɗanda suka samu sun ji daɗinsa ƙwarai. Wannan abin yabo ne, na kuma yaba.

Amma ku dubi kwanan wata. Ranar 21 ga Satumba aka buɗe rajista, wata biyar bayan an kulle Kano. Mai ƙosan nan tun a Afrilu ta dafa wakenta. Ku kuma dubi yawan kuɗin. Ƙidayar da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2017 ta samu ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5, fiye da kashi 99 cikin ɗari kuma mafi ƙanƙanta ne, irin na mutum ɗaya ko shi da yaransa. A raba biliyan 75 a kan wannan adadi, kowa ba zai samu naira 2,000 ba. A cikin watan na Satumba ne kuma aka ƙara kuɗin wuta, litar fetur ta kai wajen naira 160. Mai walda ko mai injin niƙa da ya yi sa'ar samun 30,000, a janareta ya zuba rabinta.

Dabarar biyan albashi daga waje aka aro ta. A Ingila gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikacin da aka zaunar a gida, har fam 2,500 a wata, kuma abin ya tafi da sauri saboda hukumar harajinsu ta riga ta san sunan kowane ma'aikaci da abin da ake biyansa. A nan sai aka ce sai kana da rajistar CAC da ma'aikata aƙalla uku da ake biya. To yaron shago a Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai, wane albashi yake ɗauka? Ubangidansa yana ciyar da shi, ya ɗinka masa kayan sallah, ya ba shi na mota, in ya yi shekaru ya sallame shi da jari, wani ma har ya yi masa aure. Tsari ne da ya raya dubban gidaje a garin Kano tun kafin a san banki, amma babu gurbinsa a fom.

Da Togo muka duba, da mun fi ƙaruwa. A Afrilun 2020, 'yan kwanaki bayan kafa dokar ta-ɓaci, gwamnatinsu ta fito da shirin Novissi domin masu neman na yau da kullum. Mutum zai danna lamba a ƙaramar wayarsa ba tare da intanet ba, ya sa lambar katin zaɓensa, kuɗi ya faɗo masa a wayar. Mata sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Abin da ya ba su wannan sauri shi ne rajistar masu zaɓe da suka sabunta domin zaɓen Fabrairun shekarar, wadda ke ɗauke da sana'ar mutum da unguwarsa. Wanda ba shi da katin zaɓe an bar shi a baya, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya samu, ya samu tun wakensa yana nan.

Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sunayen masu sana'a yanzu ya kamata a tattara su, lokacin da babu annoba babu rabo, domin a lokacin ne mutum ba shi da dalilin yin ƙarya. Kuma ba daga sama za a fara ba. Sarkin kasuwa ya san rumfunansa. Sarkin fawa ya san mahautansa, ƙungiyar teloli da ta 'yan adaidaita suna da littafin membobi, uwar adashe ta san wadda ke zubi kullum da wadda ta fara fashi. Na san abin da wasunku za su ce, cewa shugabanni za su cika littafin da 'yan'uwansu da 'yan jam'iyyarsu. Tsoron yana kan hanya. Maganinsa a manna sunayen a ƙofar kasuwa kowa ya karanta, a bar wa jama'a damar ƙorafi, sannan kuɗi ya tafi kai tsaye zuwa wayar mai shi ko asusunsa, kada ya kwana a hannun kowa. Mun ga abin da ya faru a Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan abinci jibge watanni bayan yunwar kulle. Ko wane bayani aka yi daga baya, amanar da ta zube ranar ba ta dawo ba.

Akwai kuma tallafin da ba ya buƙatar fom ko BVN, wanda gwamnan jiha ko shugaban ƙaramar hukuma zai iya bayarwa da sanarwa ɗaya: a dakatar da kuɗin rumfa da tikitin kullum da harajin shago daga ranar da aka rufe kasuwa, a kuma ƙara wasu watanni bayan an buɗe. Ya kamata a rubuta wannan a doka tun yanzu, ya zama duk ranar da hukuma ta hana mutum fita neman abinci, daga ranar ta daina karɓar komai a hannunsa.

Ragowar maganata ga ɗalibai ce, musamman mata. Sana'o'in da suka fi wuyar ƙidaya su ne na cikin gida: mai ƙuli-ƙuli, mai dambu, mai kitso, mai saƙar hula, mai sayar da kayan miya a tsakar gida. Ba su da rumfa, ba su da ƙungiya, kuma jami'i namiji ba zai wuce zaure ba. Ku kuna iya shiga. Idan kowane sashe na nazarin tattalin arziki da zamantakewa a manyan makarantun jihar nan ya ɗauki unguwa ɗaya, da izinin mai unguwa da masu gidajen, ya rubuta wace ce ke wace sana'a, nawa ne jarinta, tana da waya ko ta mijinta take amfani da ita, a sabunta duk shekara, to hukuma za ta samu abin da ta rasa a 2020. Shugabannin kasuwa da ke zaune a nan, ina fatan kafin mu watse za a samu waɗanda za su ce a fara da kasuwarsu.