Zaɓen Kayan Shaƙar Iska Ga Masu Aikin Nutso A Ruwa Mara Zurfi

Ayyukan nutso da dama, irin su duba gindin jirgi a tashar Apapa ko walda a ƙafar gada, ana yin su ne a ruwan da ba shi da zurfi sosai, kuma wannan ne ke sa wasu 'yan kwangila ganin kowane irin injin iska zai wadatar. Ina ganin wannan kuskure ne mai cin rai. A zurfin mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na doron ƙasa sau biyu, saboda haka iskar da ke huhunsa za ta kumbura ninki biyu kafin ya iso sama, alhali daga mita 20 zuwa 10 rabi kawai take ƙaruwa. Wanda iskarsa ta yanke, ya firgita, ya riƙe numfashi ya yo sama a guje, huhunsa na iya fashewa, kumfar iska ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa.

Don haka tambayar farko ita ce daga ina iskar take fitowa. Kwampreson fenti ko na mai faci da baƙin mai yake aiki. In ya yi zafi sai man ya ƙone ya haifar da iskar kabon monoksayid, ballantana in bakin zuƙarsa na kusa da salansar injin. Wannan guba ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta EN 12021 ta taƙaita ta ga kashi 5 cikin miliyan, baƙin mai kuma rabin miligiram a kowace mita kubik. Abin da ya dace shi ne iska daga sama ta tiyo, daga kwampreson da aka ƙera don numfashi, da matata da tankin ajiya, da bawul a kwalkwali mai hana iska komawa baya in tiyon ya tsinke, da ƙaramar tukunyar ko-ta-kwana a bayan mai nutso, da wayar magana.

Za a ce tukunyar goyo kaɗai ta fi araha, kuma ta fi sakewa. Haka ne, amma a ruwa mai laka mutum ba ya ganin ma'aunin iskarsa, na sama kuma ba ya jin halin da yake ciki, kuma ƙungiyar 'yan kwangilar ayyukan teku ta IMCA ba ta amince da ita a ayyukan mai da iskar gas na teku ba. Za a kuma ce tiyo na sarƙewa. Yana sarƙewa in babu mai kula da shi, amma da shi ake jawo wanda ya suma, kuma a madatsa irin ta Kainji, inda ruwa ke zuƙa ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba, auna tsawon tiyon ne ke hana mai nutso isa wurin da ruwan zai manne shi.