Shirun Mafitsara Ba Lafiya Ba Ne

Ya ku iyayena dattawan Agege, da 'yan'uwana mazauna Ikko, ina neman ahuwa, domin maganar yau ta fitsari ce, kuma kunya ba ta maganin ciwo.

A jikin mafitsara Allah Ya shimfiɗa jijiyoyi masu kai labari. In fitsari ya taru ta miƙe, sai su aika ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji marmarin zagawa. Mafitsarar babba lafiyayye tana ɗaukar wajen rabin lita.

To, hanyar fitsari takan toshe. Ga dattawa, yawanci wata tsoka ce da likitoci ke kira furostet, wadda ta kewaye bakin mafitsara. Tana kumbura ga kimanin rabin mazan da suka kai shekara 60. Ga samari kuwa, tabon ciwon sanyi ne da ba a yi wa magani sosai ba. Tsargiya ma, wadda da yawanmu muka ɗauka a kududdufi tun muna yara a Arewa, takan taurara mafitsara.

In hanya ta ƙuntata, sai mafitsara ta dinga yunƙuri har jikinta ya yi kauri, jini ya rage isa ga jijiyoyin. Da farko sukan firgice: mutum ya tashi sau da yawa cikin dare, alwala ta ƙi zama. In aka daɗe haka, sai su dakushe. Fitsari ya taru fiye da lita guda, mai shi bai ji ba, sai ɗigo a wando. A nan ne mutum kan ce ya sami sauƙi, alhali fitsarin yana danno ƙoda yana lalata ta.

Saboda haka, wanda fitsarinsa ya rage ƙarfi, ko mararsa ta kumbura ba zafi, kada ya tsaya ga mai tallar magani a tasha. Ga Babban Asibitin Orile-Agege kusa da mu, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba, wanda aka buɗe a 1962. In fitsari ya tsaya cak, a tafi a ranar, a sa roba a zuƙe shi. Jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.