Iyakar Kayan Goge Tabo a Manhajojin Gyaran Hoto



Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Albarkacin wannan amana da aka bai wa ido ne hoto ya sami matsayin shaida a kotu, da jarida, da ofishin fasfo, da gidajen ajiye kayan tarihi. To, amma a yau duk mai kwamfuta ko wayar hannu yana iya taɓa hoto da ɗan yatsa ya ɓatar da abin da ba ya son gani a cikinsa. Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda kayan goge tabo da ke cikin manhajojin gyaran hoto suke aiki, da inda ƙarfinsu ya ƙare. Jigonta kuwa guda ne, watau waɗannan kayan aiki ba sa dawo da abin da ya ɓace. Ciko kawai suke yi, ko dai da aro daga wani ɓangare na hoton, ko kuwa da ƙage.

Asalin sana'ar

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 19 masu wankin hoto suke amfani da fensir, da ɗan siririn burushi, da 'yar wuƙa, domin su rufe ɗigon ƙura ko ƙarzuwa a jikin fim. Ba a daɗe ba masu mulki suka ga amfanin wannan gwaninta. Alal misali, akwai sanannen hoton Stalin yana tafiya a bakin ruwa tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki na Tarayyar Sobiyet. Bayan an kashe Yezhov a 1940 sai aka share shi daga hoton, aka cike gurbinsa da ruwa, kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri da araha. Aikin da a da yakan ci wa gwani yini guda, yanzu ɗan koyo yakan gama shi kafin ƙiftawar ido.

Yadda kayan suke aiki

A wurin kwamfuta, hoto tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo da lambar da ke nuna launinsa da haskensa. Manhajar Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fara sayarwa a 1990, ta zo da wani kayan aiki mai kama da hatimi. Mai gyara zai zaɓi wuri mai tsabta, ya kwafi ɗigoginsa, ya buga su a kan tabon. Wannan faci ne tsagwaronsa, irin wanda tela ke yi wa riga, kuma idan hasken wuraren biyu ya bambanta facin yakan fito fili.

A 2002 aka ƙara abin da aka kira burushin warkarwa. Shi kuwa yakan ɗebo yanayin saƙar wurin da aka zaɓa, watau laushinsa ko kaushinsa, sa'an nan ya ɗauki launi da haske daga gefen tabon, ya gauraya su yadda bakin facin zai saje. Lissafin da irin wannan gauraye ya dogara a kansa yana ɗauke da sunan masanin Faransa Simiyon Poisson, wanda ya rasu a 1840. A 2005 aka fito da burushin da ke zaɓar wa kansa wurin aro, ba sai an nuna masa ba. A 2010 kuma aka kawo hanyar ciko mai lura da kewaye, wadda ke bincika hoton baki ɗaya, ta tsinto ƙananan gutsattsari masu kama da gefen gurbin, ta jera su. Daga 2023 sai ga ciko na ƙirƙira, inda na'urar da aka horar da ɗimbin hotuna take zana sabon abu ɗungurungum a cikin gurbin.

Iyaka ta fuskar fasaha

Inda waɗannan kaya suka fi amfani shi ne ƙaramin tabo a kan shimfiɗa mai launi ɗaya, kamar sararin sama ko farin bango. Masu ɗaukar hoto a ƙasar Hausa sun san wannan sarai, domin ƙurar hunturu takan shiga kyamara yayin sauya gilashi, ta kwanta a kan allon da ke karɓar haske, ta riƙa fitowa a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Goge irin wannan ɗigo daga sararin sama ba ya cutar da kowa.

Iyaka ta farko tana bakin gaɓa, wurin da haske da duhu suka haɗu. Da yake burushin warkarwa daga gefen tabo yake ɗebo launi, idan tabon yana dab da bakin farin rawani a gaban baƙin bango, sai ya jawo duhun bangon cikin rawanin, a sami dishi-dishi kamar an shafa gawayi da hannu.

Iyaka ta biyu ita ce tsari mai ƙa'ida. Aikin allura a wuyan babbar riga, irin su aska takwas, ko zanen jikin soro, ko saƙar tabarma, kowane layi yana da inda ya dosa. Manhaja ba ta san nufin maɗinki ba. Takan ɗauko guntun zane daga wani wuri ta liƙa, layi ya karye ko ya ninku.

Iyaka ta uku ita ce girman gurbi. Gwargwadon faɗin abin da aka cire, gwargwadon yawan aron da za a yi, kuma aro mai yawa yakan haifar da maimaici. Wannan ne ya tona asirin Adnan Hajj a watan Agusta na 2006. Ya aika wa kamfanin dillancin labarai na Reuters hoton hayaƙi a kan birnin Beirut bayan harin jiragen Isra'ila, amma ya ƙara hayaƙin da hatimin kwafi, har curin hayaƙi iri ɗaya ya fito sau da yawa. Kamfanin ya rabu da shi, ya kuma janye hotunansa 920 daga rumbunsa. Haka nan a watan Yuli na 2008 aka gane cewa ɗaya daga cikin makamai masu linzami huɗu da ke cikin wani hoton gwajin makaman Iran kwafi ne, domin ƙurar da ke ƙarƙashinsa ta yi daidai da ta maƙwabcinsa.

Iyaka ta fuskar ma'ana

Babbar iyaka kuwa ita ce manhaja ba ta bambance tabo da alama. A wurinta duk ɗigon da ya saɓa wa kewayensa aibi ne. A ɗauki tsohon hoton wani dattijo Bagobiri ko Babarbare wanda aka kawo domin a gyara. Ƙarzuwar takarda da tsagen gado da ke kumatunsa duka layuka ne masu duhu a kan fata. Ɗan koyon da ya saki burushi yana iya share su gaba ɗaya, jikoki su karɓi kyakkyawan hoto na mutumin da aka raba da asalinsa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Haɗarin ya fi tsanani a kan rubutun ajami da na Larabci da ake ɗauka a hoto domin adanawa, irin waɗanda ke Gidan Arewa da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Ɗigo ne ke raba ba'un da ta'un da nunun. A rubutun warash da aka saba da shi a makarantun allo, fa'un ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙafun kuwa ɗigo ɗaya a sama. Idan aka sa manhaja ta tsabtace shafi da kanta, tana iya ɗauke ɗigon harafi tare da kashin ƙuda, kalma ta sauya, kuma babu wanda zai sani sai wanda ya koma ga takardar asali.

Ciko na ƙirƙira bai kawar da wannan matsala ba, sai ma ya ɓoye ta. Idan ruwa ya cinye rabin fuska a tsohon hoto, na'ura za ta zana ido da kunne masu kyau, ba dishi-dishi ba maimaici. Amma fa ba idon mamacin ba ne. Ƙiyasi ne da aka haɗa daga fuskokin wasu mutane.

Ƙa'idar 'yan jarida

Saboda haka ne manyan kamfanonin labarai suka shata layi. Dokar kamfanin Associated Press ta yarda a goge ƙurar kyamara da ƙarzuwar fim, amma ta hana a ƙara ko a cire wani abu daga cikin hoto. A watan Janairu na 2014 kamfanin ya yanke hulɗa da Narciso Contreras, ɗan ƙasar Meziko, wanda yana cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Pulitzer a 2013, domin ya share kyamarar wani abokin aikinsa daga kusurwar hoton da ya ɗauka a yaƙin Siriya. Kyamarar ba ta da muhimmanci ga labarin, amma tana wurin lokacin da aka ɗauki hoton, kuma wannan ya isa hujja.

Kammalawa

Tambayar da ta kamaci kowane mai gyara kafin ya taɓa hoto ita ce: wannan tabo daga kayan aiki ya fito, ko kuwa yana nan a zahiri? Idan ƙura ce ko ƙarzuwa, gogewa gyara ce. Idan kuwa yana jikin mutum ko wuri ko takarda, gogewa sauya shaida ce. Ga ma'aikacin da ke riƙe da hotunan hukuma, da ɗalibin da ke nazarin tarihi, akwai matakai huɗu. A ajiye hoton asali ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyara a kan kwafi. A faɗaɗa hoton a duba kowane wuri da aka taɓa. A rubuta abin da aka gyara, da ranar gyaran, da sunan mai gyaran. Sa'an nan inda hoto ya lalace ƙwarai, a bar gurbin a fili, domin mai bincike na gobe ya san cewa a nan ilimi ya tsaya.