Faɗin Dogo: Gadon da Jamusawa Suka Bar wa Kamaru

 Kai da kake loda shanu a tarago daga Ngaundare zuwa Yawunde, ka taɓa lura da tazarar ƙarafan dogon nan biyu? Mita ɗaya ce cif, kuma awon Jamusawa ne.

A Jamus, faɗin babban layi mita ɗaya ne da santimita 43 da rabi. Amma a yankin duwatsu sai suka riƙa shimfiɗa siririn dogo, don ya fi araha, kuma yana shan kwana cikin sauƙi. A Saksoni an buɗe na farko a 1881, mai santimita 75. Ƙananan kawunan jirgi ke jan kayan: a zuba kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya juya ƙafafu. Har yau irinsu na hawa tsaunin Brocken da 'yan yawon buɗe ido.

Da suka mallaki Kamaru, sai suka zo da dabarar. Layin Bonaberi zuwa Nkongsamba, kilomita 160, ya fara aiki a 1911. Wanda suka faro daga Duwala kuwa, shi aka yi ta ja har Ngaundare a 1974.

To, ga inda gizo ke saƙar: tsohon dogon Nijeriya ya ɗara na Kamaru da kusan santimita 7. Ko an haɗa layukan, tarago ba zai ƙetare ba. Dole a sauke, a sake lodi, ka biya 'yan dako sau biyu, dabba ta rame a tasha. Saboda haka, in ka ji ana zancen sabon dogo tsakanin ƙasashe, fara tambayar faɗinsa.