Minti 20 kafin a taɓa bal

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau na ajiye maganar siyasa, filin bal za mu je. Bara da kaka na je kallon gasar ƙauyuka a wani fili da ba shi da nisa da Kwanar Ɗangora. Akwai wani yaro ɗan shekara 16 da ke buga lamba bakwai, wallahi in ya kwashi gudu sai ka tausaya wa mai tsaronsa. A kan idona ya sauka daga babur, ya ɗaure takalmi, ya yi ɗan tsalle sau biyu, alƙali ya hura usur. Ba a yi minti 15 ba ya tashi sa kai, da ya diro gwiwar dama ta karkata ciki, sai ga shi a ƙasa. Mai ɗori ya duba ya ce ba karaya. Gaskiya ne, ƙashi lafiya lau, jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta tafi. Daga baya na ji ashe mako biyu ke nan gwiwar na damunsa, wani ya ba shi ƙwaya ya ce sha ka buga. Yau shekara guda bai koma fili ba.

Mutane suka ce tsautsayi ne. Na yarda da ƙaddara. Amma ku bari in tambaya: wa ya taɓa koya wa yaron nan yadda ake dira?

Ba ƙarfi yaranmu suka rasa ba. Yaron da ya tashi a Yako ko Tudun Wada ko Doguwa, ya yi huɗa, ya yi girbi, ya ɗora buhun masara a kafaɗa, ba ɗan birnin da zai nuna masa ƙarfi. Sai dai ƙarfin ɗaukar buhu daban, ƙarfin tsayawa cak kana tsakiyar gudu ka juya a kan ƙafa ɗaya daban. Na biyun koyonsa ake yi. Ga filayenmu kuma, da hunturu ya shigo sun bushe kamar daɓen siminti, duk dirar da ka yi gwiwa da idon sawu ne ke biya.

Abin da muke kira tirenin fa? Koci ya ce a zaga fili sau goma, wanda ya makara ya yi tsallen kwaɗo har sai cinya ta ƙi ɗauka, sai a raba tim a buga. Gwale-gwale ke nan. A gefe guda kuma ga masu zuba siminti a gwangwani biyu su soka rodi, yaro ya zo yana gasa da yayyensa wa zai fi ɗaga mai nauyi. Iyaye su kuma su ce ɗaga ƙarfe na hana yaro tsawo. Wannan maganar ba ta tabbata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Inda haɗarin yake shi ne nauyin da ya fi ƙarfin yaro, ba mai kula da shi, baya a lanƙwashe. Bakin ƙasusuwan yaro mai tasowa bai gama ƙwari ba. Da nauyin jikinsa zai fara, ƙarfe ya biyo baya in ya iya.

To me za a yi? Akwai tsarin ɗumama jiki da FIFA ta fitar a 2006, ana ce masa 11+. Minti 20 ne kacal, kuma ba ya buƙatar komai sai bal da ɗan abin yin alama a ƙasa, ko takalman silifa sun isa. Kada wani ya ce abin Turawa ne mai ciyawa da injin: an gwada shi a Legas a kan matasa 'yan shekara 14 zuwa 19, ƙungiyoyi 20, aka buga sakamakon a 2014. Waɗanda suka bi tsarin, raunin da suka ji ya ragu da kashi 41 cikin 100.

Ga yadda yake. Minti takwas na farko gudu ne a hankali, bibbiyu, ana buɗe ƙugu, ana zagaya juna, ana gaba ana baya. Minti goma na tsakiya su ne zuciyar abin. Ka kifa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar benci, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka yi haka ta gefe. Sai ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa tafiya gaba a hankali kana hana kanka faɗuwa har sai ka kasa, ka tare da hannu. Wannan na bayan cinya ne, inda masu gudu suka fi yagewa, kuma ranar farko sau uku ya isa, gobe za ka ji a jikinka. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kuna jefa wa juna bal, sai tsuguno, sai tsalle da dira. Minti biyun ƙarshe gudu da ƙarfi da yankan kwana. Aƙalla sau biyu a mako.

Koci, ga aikinka a nan, don Allah ka ajiye waya. Idonka na kan gwiwa. Duk wanda ya tsuguna ko ya diro gwiwarsa ta faɗa ciki, tsayar da shi ya sake. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, a diro a kan gaban tafin ƙafa, a lanƙwasa, ba dim kamar an yar da buhu ba. Gara biyar masu kyau da ashirin na hauka. 'Yan ƙasa da shekara 14 kuma suna da nasu tsarin mai sauƙi, kada a haɗa su da manya.

Na san kowa a fili Ahmed Musa yake son zama, wanda ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 yana ɗan shekara 17. Madalla. Amma ƙanena, in tiramol ce ke kai ka fili, ka sani ciwon yana nan, ƙararrawar kawai ta kashe, kai kuma kana ta taka abin da ke yagewa. Kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa. Ranar da ka kai inda ake gwaji, ita za ta kore ka. Gwiwar da ta kumbura, ko take sulluɓewa in ka juya, asibiti za a kai ta.

Abinci ba sai na daɗe ba: wake, gyaɗa, awara, ƙwai in ya samu, fura da nono, duk muna da su. A sha ruwa, a yi barci. Mai kwana a gidan kallo har ɗayan dare ba abin da tsokarsa za ta gina.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu, bayan La'asar, zan je filin unguwarmu da yara mu gwada minti ashirin ɗin nan, zan ɗauki bidiyo in saka muku. Kocin da ke son in zo filinsa, daga Bebeji har Doguwa, ya ajiye saƙo. Kuɗin mai kawai zan nema, shi ma in akwai. Sai mun haɗu.